Ziyarata Ƙasar Shoshoni a Wyoming

Daga garin Lander a jihar Wyoming ta Amurka, tafiyar ba ta kai rabin awa a mota ba muka shiga Fort Washakie, hedikwatar Shoshonin Gabas, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka. Fili ne fetal hagu da dama, sai duwatsun Wind River can yamma, ƙanƙara ta lulluɓe kawunansu. Yarjejeniyar da suka yi da gwamnatin Amurka a 1868 ce ta keɓe musu wannan ƙasa, amma a 1878 gwamnati ta kawo ƙabilar Arapaho, abokan gabarsu na da, ta zaunar a ciki. Har yau tare suke.

A cibiyar al'adun Shoshoni na tarar da wata dattijuwa tana ɗinkin duwatsun ado. Muka gaisa, hira ta yi nisa. Ta ce su Newe suke kiran kansu, wato mutane. Sunan Shoshoni kuwa ana danganta shi da sosoni, doguwar ciyawa, wadda kakanninsu ke yin bukkoki da ita. Turawa suka zo suka laƙaba musu Macizai, saboda alamar hannun da maƙwabta ke nuna su da ita ta yi kama da tafiyar maciji.

Na ce, "Baba, jikokinki suna jin yaren?"

Ta ajiye allurar. A zamanin iyayenta, in ji ta, yaron da ya yi yaren a makarantar kwana sai ya sha duka. Da waɗannan yara suka girma suka haihu, sai suka riƙa yi wa 'ya'yansu Turanci zalla, don kada su ma su sha wannan azaba. Wannan ne ya fi sosa mini rai: ƙauna ce ta sa iyaye suka hana, ba sakaci ba. Ita a hannun kakarta ta tashi, shi ya sa ya zauna a bakinta. Yanzu masu yinsa tsaf yawancinsu tsofaffi ne, ko da yake ana koya wa yara a makarantar garin. 

Da la'asar na je kabarin Sarki Washakie, shugaban Shoshonin Gabas wanda ya rasu a 1900, sannan na wuce maƙabartar da aka sa wa sunan Sacajawea, matar Shoshoni da ta yi wa ayarin Lewis da Clark, masu binciken yammacin Amurka, tafinta. Yawancin masana tarihi sun ce a 1812 ta rasu, can nesa da nan. Mutanen garin kuwa sun tsaya kai da fata cewa a wurinsu ta tsufa, a nan aka binne ta a 1884.