Idan Allurar Boila Ta Faɗi: Bayani Ga Sabon Zuwa Ingila

Cikin abubuwan da ke fara rikita sabon zuwa Ingila akwai akwatin nan fari da ke maƙale a bangon kicin, wato boila. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke tura ruwan zafi cikin ƙarafan da ke jikin bangon ɗakuna, waɗanda mutanenmu ke kira hita. Wata safiya a tsakiyar hunturu sai a tashi gida ya yi sanyi ƙalau, famfo ba ruwan zafi, fuskar boila na nuna wasu haruffa: F22 idan ƙirar kamfanin Vaillant ce, E119 idan Baxi ce, F1 idan Ideal ce. Duk magana ɗaya suke yi, matsin ruwa ya faɗi.

Ruwan da ke zagayawa cikin hitoci a kulle yake. An zuba shi, an rufe, shi ne dai yake ta kai da komo tsakanin boila da ɗakuna, ba ya haɗuwa da na famfo. Akwai ɗan agogo mai allura a gaban boila ko ƙarƙashinta da ke auna ƙarfinsa da ma'aunin bar. Idan komai ya huce, allura ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. Idan an kunna ɗumi tana ɗagawa kaɗan, kamar rabin bar. Da zarar ta sauka wajen 0.5, yawancin boiloli kan ƙi tashi don kada su ƙone kansu.

Ƙara ruwa ba wuya. A ƙarƙashin boila akwai gajeriyar tiyo mai saƙar ƙarfe, ruwan azurfa, da bawul a kowane baki. Kashe boila, bari ta huce, buɗe bawul ɗin biyu a hankali har ka ji ruwa na shiga, idonka na kan allura. Ta kai 1.2, rufe duka biyun gam. Sau ɗaya ko biyu a shekara ba abin damuwa ba ne, haka ma bayan an fitar da iska daga hita, domin gurbin iskar ruwa ne ke cike shi.

Amma wanda ke ƙara ruwa duk mako yana yi wa gidan ɓarna ne bai sani ba. Sabon ruwa na zuwa da iska a narke, iskar na cin ƙarfen hita ta ciki, kuma kowane ƙari na tsinka maganin hana tsatsa da aka zuba tun farko. A hankali baƙin laka ya taru a gindin hitoci, sama ta yi zafi ƙasa ta yi sanyi, famfon da ke tura ruwan ya gaji. Ruwan da ke kulle ba ya ɓacewa haka kawai, akwai inda yake bi.

Kafin a kira kowa, a zauna da allurar nan awa guda. Cika zuwa 1.2 a sanyi, kunna ɗumi, ka zuba ido. Idan ta yi ta hawa har ta doshi 3, sannan bayan an kashe ta zube kusan sifili, ba yoyo ba ne, tulun faɗaɗa ne ya mutu. Wannan tulu, galibi ja ne mai ɗaukar kamar lita 8, yana ɓoye cikin boila. An raba cikinsa biyu da roba: gefe ɗaya ruwa, ɗaya iska mai ƙarfin kusan bar 1. Ruwa na kumbura idan ya yi zafi, lita 100 kan ƙaru da kusan lita 3, kuma iskar nan ce ke matsawa ta ba shi wuri. Idan iskar ta sace ko robar ta fashe, ruwan ba shi da inda za shi, sai bawul ɗin kariya ya buɗe a bar 3 ya zubar da rarar waje. Ruwa ya huce, ya koma ƙasa da yadda yake. Gobe ka ƙara, a sake zubarwa.

Tulun na da bawul irin na tayar mota, wanda injiniya ke gwadawa. Idan aka danna ruwa ya fito, robar ta tafi, sai sabo. Idan ba abin da ya fito, iska kawai yake so, amma sai an sauke matsin ruwan gaba ɗaya kafin a buga masa, in ba haka ba awon ƙarya za a samu.

Shaida ta biyu tana waje. Bayan bangon da boila take akwai siririn bututun jan ƙarfe da bakinsa ya lanƙwasa ya kalli bango. Nan bawul ɗin kariya ke zubarwa. Ɗaura masa leda ka bar ta kwana. Ka sami ruwa a ciki alhali allura ba ta taɓa kai 3 ba, to bawul ɗin ne ba ya rufuwa sosai. Haka halinsa yake: ya buɗe sau ɗaya, ɗan tsakuwa ya maƙale a bakinsa, shi ke nan ya dinga ɗiga. Shi ya sa injiniyan kirki kan canja shi tare da gyaran tulu.

Idan kuwa allura ba ta tsalle, sauka kawai take a hankali ko an kunna ko ba a kunna ba, yoyo ne. Kada a raina shi: ɗigo ɗaya a minti ya kai rabin lita a mako. A nema lokacin da hitoci suka huce, domin a kan bututu mai zafi ɗigon na bushewa kafin a gani. Ɗauki tishu ka shafa ƙarƙashin kowane bawul na hita, da notin da ya haɗa shi da bututu, da ramin fitar da iska a sama. Koren tabo ko fari a jikin jan ƙarfe, tsatsa a gindin hita, kafet mai danshi, tabo a silin ɗin ɗakin ƙasa, duk alamu ne. Noti mai ɗiga sau da yawa kwatan juyi da sifana ya ishe shi. Kada a matse fiye da haka.

An duba ko'ina ba a ga komai ba? Akwai gwajin da ke raba gardama. Cika zuwa 1.5, kashe boila, rufe bawul biyu na manyan bututun ɗumi da ke ƙarƙashinta, na fita da na dawowa, a bar ta kwana haka. Da safe idan allura ta sauka, matsalar na cikin boila, wataƙila tukunyar da wuta ke dafa ruwan ce ta tsage, kuma za a ga farin bututun roba da ke ƙarƙashin boila yana ɗiga ko boila na kashe. Idan allura na nan daram amma ta zube da aka buɗe bawul ɗin, yoyon na cikin bututun ƙarƙashin daɓe. A tsohuwar boila waɗannan bawul kan fara ɗiga da kansu idan an murɗa su, don haka a ajiye roba a ƙasa.

Iyakar aikinka ke nan. Cire murfin boila aikin injiniya ne mai rajistar Gas Safe, wato rajistar waɗanda doka ta yarda su yi aikin gas, kuma kana da damar cewa ya nuna katinsa. Ɗan haya kuma ya sani cewa dokar 1985 ta mai gida da ɗan haya ta ɗora gyaran ɗumi da ruwan zafi a wuyan mai gida. Ɗauki hoton allura safe da yamma na kwana uku, da na ledar nan idan ta tara ruwa, ka tura masa a rubuce tare da kwanan wata.