Na sa sabon batir, amma motar ba ta sani ba

Sanyin Jos ba ya raga wa batirin da ya fara gajiya. Wata safiya cikin Disamba na shiga mota zan kai yara makaranta, na danna maɓalli sai ƙat-ƙat-ƙat, fitilun dashbod suka dushe. Ford Edge ce tokumbo, kuma tun da ta shigo hannuna batirin da ta zo da shi ne a cikinta. Maƙwabcina ya matso da tasa muka jona waya ta tashi, na sauke yara, ban kashe ta ba sai a shagon batir a Dilimi.

Mai shagon ya duba girman tsohon da lambar ampiyarsa, ya fito min da daidai shi. Yaronsa ya fara kwance baƙar waya sannan ja, da ya zo ɗaurawa ya fara da ja ya ƙare da baƙa, yadda ya kamata. Minti goma an gama, mota ta tashi bugu ɗaya.

Ba a yi sati biyu ba abin ya fara damuna. Da na kashe inji ina sauraren labarai sai rediyo ya mutu, allo ya rubuto cewa an kashe shi ne don a tattala batir. Fitilun cikin mota ma ba sa jimawa. Wane batir za a tattala, wanda ko ledarsa ban yar ba? Raina ya ba ni an sayar min da tsoho ne aka goge shi, na koma shagon fuska a ɗaure. Mutumin bai yi fushi ba, ya ɗora mita a gabana, allo ya nuna 12.6, wato batir cike yake. Ya ce to sai dai in duba altaneta, wato abin da ke cajin batir in inji na aiki. Saura kaɗan in saya, wani abokin aikina ya ce in fara zuwa wurin wani mai wayarin a Farin Gada kafin in kashe ko kwabo.

Saurayi ne, bai kai talatin ba. Da ya gama saurarona ko bonet bai buɗe ba ya ce, "Alhaji, da aka canza batirin an gaya wa motar?"

Na ce a gaya mata kamar yaya?

Sai ya buɗe ya nuna min kan batirin na baƙar waya. A jikin maƙalar akwai wani ɗan baƙin abu da bai kai kwalin ashana ba, da siririyar waya da ta fito daga gefensa. Sau nawa na buɗe bonet ɗin nan ban taɓa kula da shi ba. Sansa ce, aikinta ta auna wutar da ke shiga batir da wadda ke fita, da ƙarfinta, da zafin wurin, ta aika wa ƙwaƙwalwar mota. Da wannan lissafin ƙwaƙwalwar ke yanke yawan cajin da altaneta za ta bayar, da lokacin da za a kashe rediyo da sauran kayan wuta don a bar abin tayar da inji. Tana kuma ƙirga kwanakin da batir ya yi yana aiki, saboda tsohon batir ba ya riƙe wuta kamar sabo. Matsalar ita ce sansar ba ta da ido. An cire tsoho an sa sabo, ita kuwa tana nan da lissafin tsohon, tana lallaɓa sabon batir kamar majinyaci.

Ya soka na'urarsa a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya juyo min da allon. A wurin motar, batirin da na saya kwana goma sha biyu da suka wuce ya haura shekara huɗu.

Da na'urar zai iya gogewa nan take, amma ya ce gara in yi da hannuna don gaba. Na kunna wutar mota ba tare da tayar da inji ba. Na ja sandar doguwar fitila na saki sau 5, sannan na taka birki na ɗaga sau 3. Sharaɗin shi ne a gama duka biyun cikin daƙiƙa 10. Karon farko ina yi ina ƙirgawa a hankali, lokaci ya wuce, babu abin da ya faru. Na kashe na sake kunnawa na yi da sauri. Muka zuba wa dashbod ido, can sai jar alamar batir ta ƙifta sau uku. Ya sake duba na'ura, ƙirgar kwanaki ta koma sifili.

Daga nan ya ce in na koma gida in kulle motar in bar ta awa 8 ba a taɓa ta ba, don a cikin wannan barcin ne take sake gane yawan wutar da ke cikin batir. Daren nan makulli a aljihuna ya kwana, na hana kowa zuwa ɗauko ko da takalmi a but.

Abin da ya fi tsaya min a rai wani ne daban. Yana cikin dubawa ya ga wata waya da aka ɗaura kai tsaye a kan batir, ta bayan sansar. Ta amfilifaya ce da aka sa min bara. Duk wutar da ta bi ta wannan hanya sansa ba ta ganinta, saboda haka lissafin ƙwaƙwalwa kullum a karkace yake, kamar shagon da ake fitar da kaya ta ƙofar baya ba a rubutawa. Ya kwance ta ya mayar jikin ƙarfen mota. Haka ma in za a jona waya ko a sa caja, baƙin maƙali jikin ƙarfe ake kama shi, ba kan batir ba. Ni kuwa ranar da maƙwabcina ya taimake ni a kan batir muka kama.

Ban ga laifin masu sayar da batir ba. Yawancin abin da ke zuwa musu tsofaffin Golf ne da Corolla da Sharon, waɗanda ana ɗaura batir magana ta ƙare. Amma motocin da ke shigowa yanzu sun canza. Dabarar fitila da birki ta wasu motocin Ford ce kawai. BMW sai an jona na'ura an yi wa sabon batirin rajista, in kuma an canza girmansa ko nau'insa, misali daga na ruwa zuwa AGM, wato rufaffen batirin da ba a ƙara masa ruwa, sai an shigar da wannan ma. Saurayin ya ja kunnena a kan abu ɗaya: kada in yi wannan gogewar a kan tsohon batir don kawai saƙon ya ɓace, domin ƙarya ce zan yi wa motar, za ta daina tattala batirin da ke bukatar tattali.

Rediyo bai sake mutuwa ba. Ranar Asabar na koma Dilimi na nemi afuwar mai shagon kan zargin da na yi masa, ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Kafin in tafi ya kira yaronsa, na buɗe bonet na ɗora yatsana a kan sansar, yaron ya sunkuyo yana kallo, ya ce in maimaita masa sau nawa ake jan fitila.