Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Mutanen ɗakin bincike da gyaɗar Inna

A makon jiya na tsaya a inda takardar shiga digiri na biyu ta iso Daura, da yadda Baffa ya turje sai da Gwaggo ta sa baki kafin ya ce in je Allah ya tsare. Yau zan shigar da ku ɗakin da na yi karatun, in nuna muku mutanen da na tarar a ciki da abin da kowannensu yake nema. Har gobe a danginmu akwai masu ɗauka cewa maganin ciwon daji muke haɗawa a can. Ko kaɗan. Tunda nake ban ga an warkar da ko mutum ɗaya a ɗakin nan ba, don majinyaci ma ba ya shiga. Abin da ke shiga shi ne ɗan yankin tsoka a kwalba, ko jini, ko ƙwayoyin halitta a daskare.

Ɗakin ba wani babba ba ne. Dogayen tebura biyu, madubin likita, firiza mai sanyi har digiri 80 ƙasa da sifili, sai wani ƙaramin ɗaki daga ciki wanda ba a shiga da takalmin waje. Farfesa ne shugaba a takarda, amma wanda ya riƙe wurin wani dattijo ne ma'aikacin ɗakin, kowa Baba yake kiransa, har Farfesan. Shi ke riƙe da makullai, shi ya san saura lita nawa na man janareta, kuma idan aka ɗauke wuta da tsakar dare shi mai gadi ke bugo wa waya. Ranar da na fara zuwa bai tambaye ni sakamakona ba. Hannuwana ya duba, ya ce, "'Yata, lalle babu laifi, amma farcen nan a yanke shi, zai huda safa."

A ƙaramin ɗakin nan ake kiwon ƙwayoyin sankara, kuma kiwonsu ya fi na 'yan tsaki ɗawainiya. Suna zaune a cikin kwalaben roba masu faɗin gindi, a akwatin ɗumi da aka tsayar a kan digiri 37, daidai zafin jikin mutum. Ruwan abincinsu ja-ja ne. Idan ya fara komawa ruwan ɗorawa, ko dai sun cinye abincin, ko wata ƙwayar cuta ta kutsa, kuma idan na biyun ne aikin wata guda ya tafi. Baba yakan ɗaga kwalba ya hasko ta da tagar ɗakin, ya ce "wannan ta gurɓace" tun kafin a sa ta a madubi. Ban taɓa ganin madubin ya ƙaryata shi ba.

Shi ne ya fara gaya min cewa waɗannan ƙwayoyin na mutane ne da suka taɓa rayuwa. Waɗanda aka rubuta wa HeLa an samo su ne a 1951 daga wata baƙar fatar Amurka mai suna Henrietta Lacks, a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo, inda ake yi mata jinyar sankarar bakin mahaifa. Ba a nemi izininta ba. Ta rasu a shekarar tana da shekara 31, ƙwayoyinta kuma har yau suna rarrabuwa a ɗakunan bincike na duniya. Akwai wasu da ake kira Raji, su kuwa daga nan gida suka fito: a Ibadan aka samo su a 1963 daga wani yaro mai irin sankarar nan da ke kumbura muƙamuƙin yara, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Na daɗe ina mamakin yadda muke haɗa kuɗin waje mu sayo daga Turai abin da asalinsa jikin ɗan Najeriya ne.

Mai aiki da HeLa a lokacin wata 'yar Kudu ce da ke digiri na uku, Hausarta ta kasuwa ce amma tana isarta. Bincikenta a kan ƙwayar cutar HPV yake, wadda Bajamushe Harald zur Hausen ya tabbatar ita ke haddasa sankarar bakin mahaifa, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Nau'i biyu kacal, na 16 da na 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na wannan ciwon. Ita so take ta san waɗanne nau'o'in suka fi yawa a jikin matan Arewa, kuma babbar wahalarta ba a na'ura take ba, a samun matan da za su yarda a duba su take. Ni ta riƙa ja zuwa asibiti in yi mata tafinta. Da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV a watan Oktoban 2023, ita na fara tunawa.

Akwai kuma Dakta, mace mai ƙarancin magana, wadda ta ƙware a kan sankarar mama. Kabad ɗinta cike yake da 'yan ƙananan dunƙulen kakin kyandir, kowanne da yankin tsokar wata mata a ciki. Takan yanka su siriri fiye da fatar albasa, ta rina, ta zauna a gaban madubi har la'asar. Abin da ke damunta shi ne wanda Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chikago ta daɗe tana nunawa: matan Afirka ta Yamma sukan kamu da wannan ciwon da ƙuruciya, kuma da yawa irin nasu ba ya jin maganin da ke toshe sinadarin mata, kamar tamoksifen. Ke nan ba wa kowace mace ƙwaya iri ɗaya ba tare da an gwada tsokar ba, harbi ne a duhu.

Wanda ya fi kowa surutu wani ɗan Funtuwa ne, shi kuma itatuwa ya sa a gaba. Sabara, hano, marke, gwandar daji, duk ya shanya ya daka ya jiƙa ya tace. Yana da wani faranti mai ramuka 96, yakan zuba ƙwayoyin sankara a kowane rami, ya ɗiga ruwan itacen, bayan kwana biyu ya sa wani sinadari da ke komawa shuɗi mai duhu idan ƙwayoyin na da rai. Ramin da bai rine ba, sun mutu ke nan. Wata rana ya fito da faranti yana kabbara, layi guda fari tas. Farfesa ya karɓa ya duba, ya ce, "Madalla. Yanzu je ka ɗiga ruwan omo a wani layin, shi ma zai kashe su. Tambayar ita ce, ya bar masu lafiya?" Sai da ya ƙara shekara yana neman amsar. Ban ga laifinsa ba, don akwai magungunan sankara na gaske da suka fito daga tsirrai, kamar binkiristin da aka samo daga wani fure na Madagaska. Amma tsakanin faranti da jikin mutum tafiya ce mai nisa, kuma masu tallar magani da lasifika a bakin kasuwa ba su taɓa yin ko taku ɗaya a cikinta ba.

Farfesa kansa hanta ce aikinsa. Da ya ji daga Daura nake, ya tambaye ni sana'ar gidanmu. Na ce, "Ranka ya daɗe, Inna ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa." Ya ajiye biro ya ce to na samu abin bincike.

Ga yadda abin yake. Akwai wata funfuna da ke kama gyaɗa da masara, musamman idan fari ya taɓa su a gona, ko ƙwari sun huda, ko an zuba a buhu ba su gama bushewa ba. Funfunar tana fitar da guba mai suna afalatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Idan ta yi yawa takan kashe nan take, kamar yadda ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004 ta hanyar masara. Amma wanda ya fi damun Farfesa shi ne na kaɗan-kaɗan, na shekara da shekaru. Hanta na ƙoƙarin sarrafa gubar, sai ta mayar da ita wani abu da ke manne wa ƙwayoyin gado. Akwai ƙwayar gado guda mai suna p53, aikinta tsayar da duk ƙwayar halittar da ta lalace kafin ta yaɗu, kuma kusan rabin sankarar 'yan Adam ana samun ta a lalace. A 1991 masu bincike suka ga cewa a sankarar hanta ta mutanen wani yanki na Sin da kudancin Afirka, inda gubar ta yi yawa a abinci, wuri ɗaya tak ake yawan samun ɓarnar, a gurbi na 249. Idan kuma mutum yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin ba tarawa yake ba, ninkawa yake. Shi ya sa ake ganin magidanci ɗan shekara talatin da 'yan kai cikinsa ya kumbura, a ce sammu ne.

Aikina shi ne in tattaro gyaɗa da ƙuli da tunkuza in auna gubar. Da hutu ya zo na dawo gida da ledoji da alƙalamin rubuta lamba. Na bi kasuwar Daura, na je Mai'aduwa ranar Lahadi, na leƙa Sandamu da Zango. 'Yan kasuwa sun ɗauka jami'ar gwamnati ce ni, sai da na riƙa tafiya da ƙanena yana cewa, "Ai ɗiyar mai ƙuli ce ta unguwarmu." A nan na lura da abin da na tashi ina gani ban taɓa kawo shi a komai ba. Gyaɗa mai kyau, wadda aka tsince, ta manyan 'yan kasuwa ce da masu soyawa a kwalba. Wadda aka tsince daga cikinta, motsattsiya da fasasshiya da wadda cikinta ya yi baƙi, ba zubarwa ake yi ba. Tiya-tiya ake sayar da ita da rahusa, kuma masu ƙuli ne ke saye, tunda in an markaɗa ba mai ganewa. Wuta ba ta cika kashe gubar ba, kuma idan an tatse mai, mafi yawanta a tunkuzar take zama. Tunkuzar nan ita ce ƙulin da yara ke ci a makaranta, ita ce garin yajin tsire, ita ake kwaɗa zogale da rama da ita.

Inna tana zaune a gindin turmi tana murza ƙuli na ce ta ba ni kaɗan in haɗa da na gwaji. Ta ce, "Ke 'yar nan, nawa ma sai an kai shi asibiti?" Ta dai ƙulla min a leda, ta ƙara da wani ta ce wannan na ci ne, kada in haɗa su.

Da na koma, Baba ya karɓe ledojin duka ya sake musu lambobi a littafinsa, don kada in san na wane ne nake aunawa. Akan niƙa samfurin, a jiƙa a sinadari, a tace, a ɗiga a kan wani farin faranti, sannan a kashe fitilar ɗaki a haska shi da wata fitila ta musamman. Inda gubar take sai ya yi shuɗin haske. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci idan gubar ta wuce maikirogiram 4 a kilo guda, abin da ido ba zai taɓa gani ba. Wasu ɗigon nawa da ƙyar ake hango su, wasu kuwa ko daga bakin ƙofa. Bayan na gama na rubuta komai, Baba ya buɗe littafinsa. Na Inna yana cikin masu haske.

A waya ban iya faɗa mata ba, sai da na zo gida. Na yi mata bayani dalla-dalla, har da maganar aflasef, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar don a watsa a gona ya rage funfunar mai guba. Ta saurare ni har na gama, ba ta musa ko ɗaya ba. Sannan ta ce, "Na ji. In na sayi tsintacciya, ƙulin naira hamsin zai koma na ɗari, maƙwabciyata kuma tana nan tana sayar da nata hamsin. Farfesan naku ya faɗa miki wa zai sayi nawa?"

Wannan tambayar na kai wa Farfesa kamar yadda aka ba ni ita. Ya ce babu amsarta a ɗakinsa, amma akwai rabin matsalar da za a iya tarewa yanzu: in sa duk mutanen gidanmu su yi gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ba ya ɗauke da shi a yi masa rigakafi. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda na shawo kan Baffa ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa, da rigimar da sakamakon mutum biyu ya tayar a gidan ana saura wata ɗaya bikin yayana.