Konrod na Alminiyam a Lokacin Sanyi: Inda Aikin Injina Ya Kai

Jama'a masu koyo irina, barkanmu da war haka. Ga bayanin inda aka kwana kan injin V8 ɗin da nake haɗawa don tseren miƙaƙƙen layi, wanda tsawonsa rubu'in mil ne, kimanin mita 402. A nan jihar Michigan da zarar Nuwamba ta kama filayen tsere sai su rufe, motoci su koma gareji har watan Afrilu. Garejina kuwa babu hita, kuma a Janairu sanyi kan sauka ƙasa da sifili sosai. Shi ya sa na dakatar da ɗaurin inji, na tsaya bin wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu tsere, wai sanyi yana cinye konrod na alminiyam, wato sandar da ke haɗa fistan da karanshaf, ko da injin na ajiye ba a taɓa shi ba.

Abin da na fahimta shi ne, sanyi shi kaɗai ba ya yi wa alminiyam komai. Wasu nau'o'in ƙarfe ne ke yin gautsi in sanyi ya tsananta, su riƙa karyewa maimakon lanƙwasa. Alminiyam ba haka yake ba, ƙarfinsa ma ɗan ƙaruwa yake yi. Babban tankin man kumbon Space Shuttle na Amurka da gaurayen alminiyam aka yi shi, ga shi yana ɗauke da ruwan haidurojin mai sanyin digiri 253 ƙasa da sifili. To ina ga sanyin gareji?

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen tsukewa. Kowane digiri ɗaya na Salshiyas, alminiyam yana buɗewa ko tsukewa da kimanin kashi 23 cikin miliyan na girmansa. Na ƙarfe kusan 12 ne, wato rabi ke nan. Konrod alminiyam ne, amma karanshaf ɗin da ya rungume ƙarfe ne, notocin da suka ɗaure shi ma ƙarfe ne. Kowa da nasa taku.

Ga lissafin da na yi a takarda. Babban ramin konrod ɗina kusan milimita 59 ne, wuyan karanshaf kuma kusan 56. In yanayi ya sauka da digiri 40, daga 20 sama da sifili zuwa 20 ƙasa da shi, ramin zai tsuke da wajen milimita 0.054, wuyan kuwa 0.027 kawai. Bambancin 0.027 ne. Ƙanƙani ne a ido, amma ratar da ake barin wa baƙin mai tsakanin metal (shimfiɗar da ke cikin ramin konrod) da wuyan karanshaf duka-duka ba ta wuce wajen 0.07 ba a irin wannan inji. Ke nan fiye da kashi ɗaya cikin uku na hanyar mai ya toshe, a daidai lokacin da man kansa ya yi kauri kamar zuma a hunturu. Lissafin bai cika cif ba, tunda bayan metal ɗin ƙarfe ne kuma yana turjewa, amma alƙiblar ba ta canzawa.

Don in gani da idona, na ɗauki wani tsohon konrod da ya gama aikinsa, na ɗaure notocinsa, na auna ramin a cikin ɗaki, sannan na sa shi a firiza ya kwana a digiri 18 ƙasa da sifili. Da safe na ciro shi da safar hannu na auna da sauri. Allurar ma'aunin ta sauka kusa da abin da takarda ta faɗa, sai ta fara hawa a hankali ina kallo, saboda alminiyam ba ya riƙe sanyi. Da ya huce ya koma daidai awonsa na farko, ko gezau.

Abin da ya fi jan hankalina ba awon ba ne. Ina ciro shi farar ƙanƙara ta lulluɓe shi, kafin wani lokaci ta narke, ruwa na tsiyaya ta gindin notocin. Na bar shi haka kan benci da gangan ban goge ba. Da na waiwaye shi, kan notocin ya yi ɗigo-ɗigon jar tsatsa. Wannan shi ne ainihin abin da ke faruwa cikin injin da aka ajiye: dare ya yi sanyi, rana ta ɗan ɗumama iska, raɓa ta sauka kan ƙarfe mai sanyi, haka kullum har wata biyar. Inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe kuma ga danshi, alminiyam ɗin ne ke ciwuwa. Gaurayen alminiyam mai lamba 7075 da ake yawan sassaƙa konrod da shi an san shi da tsagewa in danshi ya same shi yana ɗaure cikin matsi. Masu ƙona metanol a madadin fetur abin ya fi shafa, don metanol yana zuƙo ruwa daga iska, kuma yana sulalewa cikin baƙin mai. Duk wanda ya ajiye inji da tsohon mai a ciki, ruwa ya ajiye.

Sai batun sassauta noti kafin ajiya, wanda kan masana ya rabu a kai. Masu yi suna cewa kada alminiyam ya daɗe a matse. Ni dai ban ga hujjar yin haka saboda sanyi ba, domin sanyi rage matsin yake yi: alminiyam ya fi notin tsukewa, sai ɗaurin ya ɗan saki, da an ɗumama ya dawo. Kuma kowace kwancewa da ɗaurewa tana cin zaren da ke jikin konrod. In ka riga ka buɗe injin don dubawa, to madalla, auna tsawon kowane noti ka rubuta, ka kwatanta da na ranar da yake sabo. Wanda ya miƙe bai koma ba, a jefar. In ba ka da dalilin buɗewa, bi abin da kamfanin da ya ƙera konrod ɗinka ya rubuta.

Kada kuma a ɗora wa sanyi laifin gajiya. Alminiyam yana tara gajiya da kowane juyi, ba shi da iyakar da in an tsaya ƙasa da ita zai dawwama, shi ya sa ake ƙirga rayuwar konrod ɗin da yawan gudun da ya yi. Wanda ya karye a gudun farko na Afrilu, sau da yawa ko dai ya riga ya tsufa tun bara, ko an taka masa wuta mai bai yi zafi ba.

Yanzu haka konrod takwas ɗin suna cikin gida, na shafe su da mai, kowanne a ledarsa da ƙunshin maganin danshi. Karanshaf da fistan da maikiromita (ma'aunin kauri) ma za su shigo su kwana tare kafin in yi awo, tunda ƙa'idar awo ta duniya digiri 20 ce. Ku da ke Kano ko Zinder, awon asubar hunturu da na azahar ba za su zo ɗaya ba, ku kula da wannan. Aiki na gaba shi ne ratar fistan da kan silinda, wadda sai na bar ta wajen milimita 1.5 saboda miƙewar alminiyam in ya ɗau zafi, sannan in liƙa hita a kaskon mai kafin tayarwar farko.