Neman wutar Fijo a Ladipo

Fijo 504 ɗin mahaifinmu haɗin Kaduna ce, ta ma girme ni. Sau uku ina saya mata kontak da kwandansa, ƙananan kayan wutar inji, sabbi fil a kwali, babu wanda ya rufa wata bai ƙone ba. Bakanikenmu ya ce in daina zubar da kuɗi, distirbutar da ke rarraba wuta ga fulogai ce ta gaji, sai dai in nufi Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota a Legas.

Na bi motar dare daga Kano, muka tsallake gadar Jebba ina gyangyaɗi, tsohuwar distirbutar tana naɗe a tsumma cikin jakata. A Idi-Araba na sauka wurin kawuna, wanda ya tsufa a tuƙin babbar mota. Da na nuna masa ita, ya juya ta a hannu ya ce, "Gara da ka zo da ita, ɗana. A Ladipo ba a sayen kaya da baki."

Washegari muka shiga kasuwar, can Mushin. Injuna jibge kamar buhunan hatsi, ƙasa baƙa wuluk da mai, yara 'yan kamasho sai jan rigata suke. Kawu ko kallonsu bai yi ba. Yawancin masu shagunan Inyamurai ne, kuma da na ambaci 504 sai wani ya yi dariya, wai ko gidan tarihi zan buɗe.

A wani lungu muka sami dattijo da kwando cike da distirbutoci 'yan tokumbo. Ni dai wadda ta fi sheƙi na ɗauka. Kawu ya karɓe, ya cire murfin, ya kama sandar tsakiya da yatsu biyu ya girgiza. Tana lilo. "Ka gani? In sanda tana rawa, tazarar kontak ba za ta tsaya wuri guda ba, wuta sai ta riƙa zuwa a karkace." Haka ya bi guda shida, kafin ya tsaya kan wata ƙirar kamfanin Ducellier mai datti, sandarta ƙam, murfinta babu tsaga. Ya jera ta da tamu, suka yi daidai har wurin ɗauri.

Ciniki ya ci kusan rabin awa, Kawu na yi da Yarbanci, dattijon na ramawa da Hausa. Na ƙara da kwayil ɗaya don ajiya. Da za mu fita ruwa ya kece, na cusa distirbutar cikin riga, ni na jiƙe sharkaf har Oshodi.