Tafiyata Kaduna jinyar Baba

Jirgin ƙasan da na hau a tashar Idu ya bar Abuja da hantsi, ya tsaya a Kubwa ya ɗebi wasu fasinjoji, sannan ya miƙe arewa ta Jere da Rijana. Tun shekarar 2016 wannan jirgi yake zirga-zirga tsakanin biranen biyu, kuma duk wanda ya san harin da aka kai masa a ranar 28 ga Maris, 2022 ba ya ratsa dajin nan ba tare da addu'a a bakinsa ba. Ni kuwa addu'ata a ranar ta rabu biyu, domin Yaya ta sanar da ni ta waya cewa ƙodojin Baba sun daina aiki, likitoci sun ce sai an fara yi masa wankin ƙoda. Daga tashar Rigasa na shiga Keke Napep, muka fito ta Bakin Ruwa, muka tsallaka babban titi zuwa Tudun Wada, inda na tarar da zauren gidanmu cike da 'yan dubiya.

Baba ya kumbura, musamman ƙafafunsa da fuskarsa, numfashinsa kuma yana fita da ƙyar. Na durƙusa na ce, "Baba, ya ƙarfin jiki?" Ya ce, "Alhamdulillahi, Babangida, da sauƙi. Ka sha hanya, a ba ka ruwa tukuna." Sai daga baya na fahimci nauyin wannan magana, lokacin da Inna ta nuna mini 'yar gorar da ake auna masa ruwan da zai sha daga safe zuwa dare. Hawan jinin da ya daɗe yana fama da shi ne ya cinye ƙodojin sannu a hankali, kuma tunda fitsari ya ragu ƙwarai, duk abin da ya sha fiye da ƙima yana taruwa ne a jiki, wani lokaci har ya kai ga huhu. An hana shi gishiri da kanwa, an taƙaita masa ayaba da lemo. Mutumin da ke cikin wannan hali shi ne ya fara damuwa da ƙishirwar ɗansa da ya sauko daga jirgi mai sanyi.

Washegari muka bi titin Ahmadu Bello zuwa asibiti. A ɗakin wankin ƙoda ana jona majinyaci da na'ura ta bututu biyu, ɗaya ya fitar da jini zuwa matata, ɗaya ya dawo da shi bayan an cire dattin da ruwan da ya yi yawa, kuma zama ɗaya yakan ɗauki kimanin awa 4. Likitan da ya duba Baba ya bayyana mana cewa a ƙa'ida sau 3 ake yi a mako, amma tsadarsa kan sa iyalai da yawa su rage, wasu ma su daina zuwa ɗungurungum. Ya kuma faɗi abin da ya girgiza ni, wato lafiyayyun ƙodoji suna tace kimanin lita 180 na ruwa daga jini a kowace rana, su mayar da kusan dukkansa jiki, su fitar da abin da bai wuce lita ɗaya da rabi ko biyu ba a matsayin fitsari. Shekara da shekaru ana yi mini wannan aiki dare da rana, ina barci ko ina farke, ba a taɓa neman ko kwabo daga hannuna ba.

Da na maimaita wa Baba maganar likita, sai ya yi murmushi ya kawo labarin da malamai kan bayar na Halifa Haruna Rashid, wanda wani mai wa'azi ya tambaye shi abin da zai bayar in an hana shi kurɓin ruwa, ya ce rabin mulkinsa, da abin da zai bayar in ruwan ya ƙi fita, ya ce sauran rabin. Baba ya ce tun yana saurayi yake jin labarin a wajen tafsirin azumi, amma sai a kan wannan gado ya gane cewa ba almara ba ce. Lokacin azahar ya yi yana jone da na'urar, ya yi sallarsa a kishingiɗe da ishara, domin Annabi (SAW) ya umarci Imrana ɗan Husaini da ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Ban ji ya koka ba ko sau ɗaya. Abin da yake yawan karantawa shi ne addu'ar Annabi Ayuba da ke aya ta 83 a Suratul Anbiya, kuma shi da kansa ya hana dangi kawo masa jiƙe-jiƙen da ba a san sinadarinsu ba, yana cewa Wanda ya saukar da cuta Shi ya saukar da magani, neman maganin wajen masaninsa kuma yana cikin tawakkali. A ganina wannan ita ce hikimar da ta fi ƙaranci a gidajenmu, inda kowane ɗan dubiya kan zo da nasa saiwar.

A gadon da ke kusa da na Baba akwai wani dattijo Kirista daga Kakuri. Duk ɗan Kaduna ya san yadda rikicin shekarar 2000 ya raba garin, Musulmi suka fi taruwa a arewacin kogi, Kiristoci a kudancinsa. Hira ta nuna cewa su biyun sun yi aiki a masaƙun Kakuri a zamanin da injinansu ke kwana suna ruri, suka dinga tuno sunayen sassa da lokutan canjin aiki. Matarsa da Inna suka koma raba abinci da tabarma a barandar masu jinya, ɗansa kuma ya ba wani majinyaci daga Rigasa jini ba tare da ya san ko wane ne ba.

Kafin na bar gari mun zauna ni da Yaya da ƙannena, muka raba kuɗin wanki da ranakun rakiya gwargwadon ƙarfin kowa, kuma dukkanmu muka je aka auna mana jini da suga, tunda hawan jini yakan bi gida. Da na je sallama Baba ya ce, "Babangida, kada ka koma ta jirgi. Abokina bai zo wanki ba wannan makon, na san kuma dalili." Ya sa Inna ta ƙulla wani abu daga gudummawar da 'yan dubiya suka kawo masa, ya damƙa mini. Saboda haka na tsallaka gadar kogin Kaduna, na wuce tsofaffin masaƙun da ciyawa ta mamaye harabarsu, na yi ta tambaya har na sami gidan. Matar ta karɓi saƙon da hannu biyu, ta ce in gaya wa Malam za su zo ranar Litinin. Daga nan na nufi tasha, na sami motar Abuja saura mutum biyu ta cika.