Kwana Tara a Buffalo Cikin Tsakiyar Sanyi

Shekara uku Yaya yana yi mini waya da magana guda: in tattara iyalina mu bar unguwar Bronx ta birnin New York mu koma wajensa a Buffalo, can yammacin jihar New York ɗin. Ni kuwa duk sanda aka ambaci sunan garin, abin da ke faɗo mini a rai shi ne hotunan ƙarshen Disambar 2022, motoci a binne cikin dusar ƙanƙara har rufinsu, ana ta ƙirga mamata. Da ya matsa, sai na ce masa gani ya kori ji, zan zo. Amma ba lokacin zafi ba, sanda garin ya yi kwalliya da ganye. A tsakiyar Janairu zan zo, in fara ganin fuskarsa ta fushi.

Da hantsi na hau jirgin ƙasa na Amtrak a tashar Penn, da jaka biyu. Ɗaya tufafina ce, ɗaya kuma saƙon matar Yaya: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa da yaji, waɗanda a Bronx sai dai ka taka zuwa shagon mutanenmu ka saya. A lokacin ban ɗauki wannan jaka da wani muhimmanci ba. Jirgin ya bi gaɓar kogin Hudson har Albany, sannan ya karya yamma ta Utica da Syracuse da Rochester, tafiyar awa takwas da ɗoriya. Kafin Albany ƙasa baƙa ce da ɗigon fari nan da can. Muna wuce Utica fari ya cinye komai, gona da rufin gida da maƙabarta duk launi ɗaya. Wata dattijuwa da ke kujerar gefena ta sauka a Syracuse, kafin ta sauka ta gaya mini da alfahari cewa garinsu ya fi Buffalo samun dusa a yawancin shekaru, har akwai kyautar da garuruwa biyar na jihar suke takara a kanta kowace shekara.

A tashar Depew na sauka, duhu ya riga ya yi. Ina jan numfashin farko na ji gashin hancina ya daskare ya yi tsini. Yaya ko gaisuwa bai bari mun gama ba, ya dubi ƙafata ya girgiza kai, ya buɗe bayan mota ya ciro takalmi mai kauri wanda ya kai ƙwauri. "Cire wancan ka sa wannan," ya ce, "na New York ba ya aiki a nan."

Gidan yana gabashin gari, ba nisa da titin Broadway. Tsohon gidan katako ne mai hawa biyu, ɗakin kwana huɗu, ga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ga fili a baya wanda da zafi suke shuka tumatir da barkono da alayyafo. Na tsaya a falo ina kallon yaransa uku suna guje-guje daga sama zuwa ƙasa, babu maƙwabcin da zai buga silin da sanda don a yi shiru. Nawa huɗu ne, kuma mu shida a ɗaki biyu muke. Yaya da guminsa na tuƙin tasi ya sayi gidan, ya yi shekara biyu yana gyara shi da hannunsa. Abin da nake zubawa a haya cikin 'yan shekaru ya isa ya sayi irinsa. Daren nan ban yi barci da wuri ba.

Arhar nan tana da dalili, kuma da safe da muka zaga unguwa na gan shi da idona: gida, gida, sai fili, sai gida, sai filaye uku a jere inda aka rushe kangaye. A 1950 mutanen Buffalo sun kai kusan 580,000. A ƙidayar 2020 sun tsaya a wajen 278,000, kuma wannan ma shi ne karon farko da adadin ya ƙaru cikin shekara saba'in. Garin ya tashi ne da buɗe mashigin ruwa na Erie a 1825, hatsin yammacin ƙasar mai yawa ta nan yake bi, har yau manyan rumbunan siminti suna tsaye a bakin kogi kamar duwatsu. Da aka buɗe hanyar ruwa ta Saint Lawrence a 1959 jiragen ruwa suka samu hanyar wucewa ba tare da sun tsaya ba, sannan a farkon shekarun 1980 babbar masana'antar ƙarfe ta Lackawanna ta kashe wutarta. Mutane suka watse suka bar gidaje. Waɗanda ke cike gurbin yanzu baƙi ne irinmu: 'yan Bangaladash da suka gaji da hayar New York, 'yan Yaman, 'yan Somaliya, 'yan Myanmar.

Ranar kwana na uku na ga abin da ya kawo ni. Da hantsi muna tsaye ƙofar gida, sama a buɗe take a kanmu, sai Yaya ya nuna mini kudu. Bango ne na gajimare, baƙi ƙirin a ƙasa, fari a sama, a tsaye cak tun daga tafkin Erie har iya ganinka, gefensa kamar an yanke da wuƙa. Ya tuna mini da hadarin farkon damina a Katsina idan ya taso da ƙura, sai dai wannan ba ya gudu. Yaya ya ce a ƙarƙashin bangon nan yanzu haka mutum ba ya ganin hannunsa, mu kuma ga mu ko ɗigo babu.

Tafkin Erie ne ke haifar da wannan. Iska mai tsananin sanyi takan taso ta bi ta kan ruwan da bai riga ya daskare ba, ta kwashi danshi, tana isa tudu ta zubar da shi dusa. Tafkin dogo ne, ya kusa kilomita 390, Buffalo kuma tana zaune daidai ƙarshensa na gabas, don haka idan iskar ta bi tsawonsa sai ta zo da kaya niƙi-niƙi ta sauke a siririn layi guda. A Nuwamban 2014 wasu unguwannin kudu da gari sun samu kusan mita biyu cikin 'yan kwanaki, alhali arewacin gari ɗan kaɗan ya samu. Idan aka haɗa ta shekara, garin yakan samu wajen inci 95, kusan mita biyu da rabi. Shi ya sa a nan ba a tambayar ko za a yi dusa, ana tambayar ina iska ta dosa. Da la'asar ta juyo ta doso mu.

Kafin kiran Asuba a wayarsa Yaya ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya miƙo shebur mai faɗin baki. Ƙofar gaba sai da muka tura ta da kafaɗa. Dusar ta kai mini gwiwa, ga wani irin shiru da ban taɓa ji ba a Amurka, babu mota, babu kare, sai sautin shebur. Ban fara daga inda na zata ba. Yaya ya ja ni gefen gida, ya durƙusa ya tone wani bututu da hannu har tururi ya fara fita. Nan ne injin ɗumama gida yake fitar da hayaƙinsa, idan dusa ta toshe shi gubar da ba ta da wari sai ta koma cikin gida, mutane su kwanta ba su tashi ba. Haka ma salansar mota, ba a tayar da inji sai an tone ta. Bayan nan muka share matakala, muka share hanyar ƙafa ta gaban gida, domin doka ta ɗora wa mai gida wannan, muka watsa gishiri. Mun gama ke nan motar share titi ta wuce da fitilarta mai walƙiya, ta turo mana tudu mai tauri ta toshe bakin hanyar mota. Yaya bai ce uffan ba, ya sake sa shebur. Wannan tudun shi ne mai nauyi, jiƙaƙƙe ne da gishiri da ƙanƙara, shi ne kuma mai kayar da dattawa da ciwon zuciya.

Muna cikinsa sai wani Bature tsoho daga tsallaken titi ya turo injinsa mai feso dusa, ya ɗaga mana hannu, ya cinye tudun cikin minti biyar, ya zarce gidan wata gwauruwa da ke gaba da mu. Da rana matar Yaya ta aika masa da shinkafa da miyar gyaɗa. Garin yana yi wa kansa kirari da garin maƙwabtan kirki, da farko na ɗauka kirarin talla ne. Cikin kwana tara sau uku na ga mutanen da ba su san juna ba sun fito sun tura motar da ta maƙale. Ni shekara goma sha ɗaya nake bene ɗaya da mutanen da ban san sunansu ba.

Amma dusa tana cin kuɗi, kuma a ɓoye take ci. Yaya ya baje mini takardun gas na watannin sanyi, na ga yadda tsohon gidan katako ke shan zafi kamar rariya, duk da ledar da suka liƙe a tagogi. Ga tayoyin sanyi, ga gishirin titi da ke cinye ƙarƙashin mota da tsatsa, ga ramukan da ke buɗewa idan ƙanƙara ta narke ta sake daskarewa, ga takalma da rigunan yara da ake sakewa duk shekara. Ranar da hukuma ta hana tuƙi, direba ba shi da ko sisi. Wanda ba shi da mota kuwa ya shiga uku, domin layin jirgin cikin gari guda ɗaya ne tak, tsayuwa jiran bas a wannan iska kuma azaba ce.

Da na tambaye shi labarin Disambar 2022 sai ya yi shiru tukuna. Ya ce ranar Juma'a 23 ga wata ta fara, iska kamar za ta tsige rufi, wuta ta ɗauke, suka tattaru su biyar a ɗaki guda cikin barguna. Fiye da mutum 40 suka rasu a yankin, wasu cikin motoci, wasu a kan titi 'yan taku kaɗan da gida, wasu a ɗakunansu saboda motar asibiti ta kasa isowa. Da yawansu baƙaƙen fata ne na wannan gabashin garin, inda talauci ya fi yawa, inda kuma a watan Mayun shekarar wani ɗan wariyar launin fata ya harbe mutum goma a babban kantin titin Jefferson. Na ji daɗi da bai ɓoye mini wannan ba. Sanyin ɗaya ne, amma ba daidai yake taɓa mai janareta da wanda ya fita a ƙafa neman madarar jariri ba.

Ranar Juma'a muka yi salla a Masallacin Zakariya da ke titin Sobieski, tsohuwar majami'ar 'yan Poland ce aka mayar masallaci. Sahu ya cika, takalman sanyi sun yi tsibi a ƙofa suna ɗigar ruwa. Daga gida minti biyar ne. Kusan ko'ina a garin minti ashirin ya kai ka, Yaya ma a gida yake cin abincin rana, shi yake ɗauko yara daga makaranta. Wannan lokacin da yake samu da 'ya'yansa ya fi girman gidan tsaya mini a rai. Asabar muka kai su gangaren Delaware Park suna zamiya a kan faranti na roba, ƙaramar tana ihu, "Baffa, ka gan ni!" Su sanyin nan nasu ne, a cikinsa aka haife su. Mun kuma leƙa babbar magangarar ruwa ta Nayagara, tafiyar rabin awa, inda feshin ruwa ya daskare a kan itatuwa ya mai da su kamar gilashi. Kowa na ta ba ni labarin lokacin zafi, wai iskar tafki ba ta barin gari ya yi ƙuna, kuma a tarihin awon da ake yi zafi bai taɓa kai digiri 38 ba.

Daren da zan tafi ne na gane jakar nan ta biyu. Ƙarfe biyar duhu ya yi, kwana tara kuma sau biyu kawai na ga rana sosai. Matar Yaya tana kaɗa miyar kuka, na tambaye ta gaskiya yaya zaman yake. Ta ce, "Baffan yara, shebur ba komai ba ne, an saba. Abin da ba a sabawa shi ne in yi wata guda ban ji sallamar mace da Hausa a ƙofata ba." Ta ce da ta haifi ƙaramar a watan Fabrairu, maƙwabta 'yan Bangaladash sun yi mata ɗawainiya iya ƙoƙarinsu, amma babu mai yi mata kunun kanwa, babu mai zama da ita, suna kuma bai tara mutum goma ba. A Bronx suna ko rasuwa sai ɗaki ya kasa ɗaukar jama'a, mutanen Kumasi da Agadas da Kano duk a tabarma ɗaya. Sai a lokacin na fahimci cewa kiran da Yaya yake yi mini shekara uku ba don arhar gida kaɗai ba ne.

A jirgin komowa, muna wuce Rochester na kira maiɗakina na kwashe komai na gaya mata, ɗakuna huɗu da bututun hayaƙi da tsohon Baturen da maganar matar Yaya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce idan an yi hutun makaranta a Yuli mu je gaba ɗaya da yara ta gani da idonta, kuma in tambayi Yaya ko gidan da ke kusa da nasu, wanda na ce an kafa wa allon sayarwa, yana nan har yanzu.